Me yasa numfashi ke gagarar mutum a cikin ruwa ko da yana da ƙarfin gudu?

Tambayar da wani ɗan uwa ya turo ita ce: shi ɗan ƙwallo ne, yana buga minti 90 ba tare da ya ji wani abu ba, amma tunda ya fara koyon iyo da niyyar shiga gasa ko mita 50 baya kaiwa sai ya kama bango yana haki, kuma ko tsayuwa kawai yayi ruwa ya kawo masa wuya sai yaji ƙirjinsa ya ɗaure. Yana son sanin ko huhunsa ne ke da matsala, sannan su 'yan gasar ya suke yi da nasu numfashin.

Toh ɗan uwa, in dai baka da tari ko wani fito a ƙirji, mai yiwuwa huhunka lafiyarsa ƙalau. Wannan ɗaurewar da kake ji in ka tsaya a ruwa kowa yana jinta, har zakarun duniya, kuma ana iya aunata. Ruwa yana da nauyi, ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma duk santimita ɗaya da ka nutsa matsinsa ƙaruwa yake yi. In kana tsaye ruwa ya kawo maka wuya, bakinka da hancinka suna waje suna jan iska mai matsin da ka saba dashi, amma tsakiyar ƙirjinka tana wajen santimita 20 ƙarƙashin ruwa. Kada ka raina santimita 20. Yi lissafi da kanka, giram 20 ne akan kowane murabba'in santimita ɗaya, in muka ɗauki gaban ƙirji kawai a matsayin santimita 30 sau 30, kaga kilo 18 kenan ke danna ka ta gaba, ban da gefe da baya. Kamar an naɗe maka haƙarƙari da robar nan da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita, fitar da iska ba wuya tunda robar ma taya ka take, amma duk shaƙa ɗaya sai ka buɗa ta da ƙarfin tsoka. Ciki kuma ya fi ƙirji zurfi a ruwan, saboda haka ya fi shan matsi, sai kayan ciki su turo dayafram sama, wato tsokar nan mai faɗi da ta raba ƙirji da ciki wadda ita ce babbar mai aikin shaƙar iska.

Ɗayan rabin labarin wanda mutane basu cika sani ba shine jini. A tudu in kana tsaye jini mai yawa yana kwance a jijiyoyin ƙafafu da ciki saboda nauyinsa. Da zarar ka shiga ruwa, matsin da ke ƙafa ya fi na ciki, na ciki ya fi na ƙirji, sai a matso wannan jinin sama. Masu bincike a Suwidin sun auna wannan a 1972, suka samu wajen mililita 700 na jini ke komawa ƙirji in mutum ya zauna a ruwa zuwa wuya, kuma abin da zuciya ke turawa a minti yana ƙaruwa da kusan kashi 30. Ƙirji dai ɗaki ɗaya ne, zuciya da huhu da manyan jijiyoyi duk a ciki suke, in jini ya ƙaru dole iska ta rage waje. Shi yasa iskar da ke saura a huhunka bayan ka fitar da numfashi na yau da kullum take raguwa da kusan rabi, mafi girman shaƙar da zaka iya yi ta ragu da kashi 5 zuwa 10, aikin numfashin gaba ɗaya kuma yakan ƙaru da wajen kashi 60. Duk wannan fa baka ko ɗaga hannu ba tukuna. Wannan jinin da ya cika zuciya shine kuma yake sa jiki ya ɗauka ruwa yayi masa yawa ya ba ƙoda umarni, shi yasa baka daɗe a kwamin iyo ba kake jin fitsari, ba wai ka sha ruwan bane.

In kana son ganin iyakar ƙarfin tsokar shaƙa, dubi abin da muke gani a fim, jarumi ya ɓuya can ƙasan kogi yana numfashi da dogon bututu. Ba ya yiwuwa. Ƙarfin da lafiyayyen mutum ke iya ja dashi bai wuce matsin ruwa na wajen mita ɗaya ba, daga nan ƙirjin baya buɗuwa ko kaɗan. Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya mai suna Robert Stigler ya gwada a kansa farkon ƙarni na 20, a zurfin kusan mita 2 daƙiƙu kaɗan yayi kuma ya fito da matsalar zuciya. Shi yasa bututun sinokel da ake sayarwa duk gajeru ne. Giwa ce kaɗai take wannan wasan, tana tsallaka kogi jikinta duk a nutse hancinta a sama, ita kuma halittar ƙirjinta daban ce, huhunta a manne yake da bangon ƙirji da wani nama mai ƙarfi.

Yanzu mu zo kan kwanciya, tunda ɗan gasa ba a tsaye yake iyo ba. In ka kwanta shimfiɗe a saman ruwa rub da ciki, ƙirjin ya matso kusa da saman ruwa, matsin da ke kansa ya ragu sosai akan na mai tsayuwa. Wannan shine abu na farko da nake son ka riƙe, duk yadda jikinka ya ƙara miƙewa a saman ruwa haka numfashinka ke ƙara sauƙi, duk yadda ƙugu da ƙafa suka nutse kana komawa halin mai tsayuwa ne. Masuntan Argungu da ke kwanciya akan gora a kogin Matan Fada sun warware wannan matsalar tuntuni ta hanyarsu, gorar ta ɗaga ƙirji da kai daga ruwa, mutum yayi ta fama da koma ba haki. Kai baka da gora, huhunka ne abin da ke ɗaga ka, duk lita ɗaya ta iska a ciki tana ɗauke maka nauyin kilo ɗaya.

Sai dai kwanciyar ita ma tana da nata kuɗin. Ko akan katifa in ka kwanta rigingine kayan ciki suna gangarowa su danna dayafram, iskar da ke saura a huhu ta ragu da rabin lita zuwa lita guda, jinin ƙafafu ma ya dawo ƙirji. Masu ciwon zuciya sun san wannan, shi yasa suke tara matasan kai. Saboda haka ɗan iyo baya kuɓuta daga taruwar jini a ƙirji, matsin waje ne kawai yake raguwa. Amfanin da ke ciki shine zuciya tana cika sosai kafin ta buga, kowane bugu yana tura jini da yawa, sai adadin bugun ya sauka. Ga kuma ruwa mai sanyi a fuska wanda shima yana rage bugun zuciya. In kana da agogon nan mai ƙirga bugu zaka ga a iyo baka kai lambar da kake kaiwa a gudu, yawanci bambancin bugu 10 zuwa 15 a minti, kada kace baka yi aiki ba.

Amma gaskiya in ka tambaye ni, hakin da kake yi a mita 50 ba matsin ruwa ne babban mai laifi ba. Kai ne, ina nufin kan da ke wuyanka. Jikin mutum a ruwa yana da wuri biyu masu jayayya, wurin da iska ke ɗaga shi yana ƙirji, wurin da nauyi ya taru yana wajen ƙugu, saboda haka ƙafafu dama neman nutsewa suke musamman ga maza masu tsokar cinya irinku 'yan ƙwallo. Kan babban mutum ya kai kilo 4 zuwa 5, in yana cikin ruwa ruwan ne ke ɗauke dashi, da ka ɗaga shi waje don neman iska sai wannan nauyin ya dawo kanka, hannu ya bar jan ruwa baya ya koma danna shi ƙasa don tallafe kai, ƙugu ya faɗa, cinya da ciki su zama bango a gaban ruwa, sai ka fara bugun ƙafa da hauka don ka dawo sama, tsokar cinya kuwa ita ce mafi cin oksijin a jiki, sai buƙatar iska ta ƙaru, sai ka ƙara ɗaga kan. Kafin ka kai rabin kwamin ka riga ka gama. Je ka kalli bidiyon Eric Moussambani ɗan Ikwatoriyal Gini a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, shi kaɗai a ruwa saboda an kori abokan tserensa biyu kan tashi kafin lokaci, ɗayansu ma Karim Bare ne ɗan Nijar. Ba don dariya nace ka kalla ba, bawan Allah watanni kaɗan yayi yana koyo kuma bai taɓa ganin kwami mai mita 50 ba kafin nan. Kalli kansa da ƙugunsa a mita 25 na ƙarshe, duk bayanin da nayi yana wurin. Daga baya da ya samu horo ya sauko ƙasa da minti ɗaya, huhun nan dai nasa ne bai canza ba.

Ƙwararru basa ɗaga kai a firistayil, wato iyon rub da ciki da ake jan hannu ɗaya bayan ɗaya, juya shi suke tare da jiki. In kana tafiya da ɗan sauri kanka yana tura wata 'yar igiyar ruwa a gaba, bayanta kuma daidai kumatu ruwan yana yin ɗan kwari, a cikin wannan kwarin ake shaƙa, ido ɗaya a ruwa ɗaya a waje, baki a ɗan karkace. Damar shaƙar bata fi wajen rabin daƙiƙa ba. Anan ne matsala ta biyu take, wadda kusan duk sabon shiga yake da ita, riƙe numfashi lokacin da fuska ke cikin ruwa. In ka riƙe, to a rabin daƙiƙar nan zaka fitar kuma ka shaƙa, ba zai isa ba, sai ka fitar da kaɗan ka ɗora sabuwa akan tsohuwa, huhu ya cika tam amma kana jin kamar an shaƙe ka. Dalili kuwa jiki baya auna ƙarancin oksijin da farko, abin da ke tayar da hankalin ƙwaƙwalwa ta ce maka yi numfashi yanzu yanzu shine taruwar kabon dayoksaid a jini, wato gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa. Yawancin masu haki a bango oksijin ɗinsu bai wani faɗi ba, datti ne basu zubar ba. Saboda haka fitar da iska aikin cikin ruwa ne, ta hanci ko baki ko duka, a hankali, sannan daf da juyawa ka fesar da sauran da ƙarfi, in baki ya fito shaƙa kawai zakayi. Ka lura kuma fitar da iska a cikin ruwa shima aiki ne, sai ka ture ruwan da ke bakin hancinka, ba kamar a tudu ba da ƙirji ke sacewa da kansa.

A gudu ko ƙwallo in jiki ya nemi iska kai tsaye kake ƙara yawan numfashi, har 50 ko 60 a minti ba mai hana ka. A iyo hannu ne ke ba numfashi izini. In kana jan hannu 60 a minti kana shaƙa duk ja biyu, numfashi 30 kenan, in ka koma duk ja uku ya zama 20, babu ƙari. Tunda baza ka iya ƙara yawa ba dole ka ƙara girma, shi yasa 'yan iyo suke numfashi kaɗan amma mai zurfi da sauri, kuma shaƙa mai zurfi cikin gaggawa akan ƙirjin da ruwa ya danna ita ce mafi tsada ga tsoka. Ga wani ƙarin, tsokokin haƙarƙari da ciki da baya da ke taya numfashi sune dai ke riƙe jiki a miƙe kuma suke taya hannu ja, aiki biyu a lokaci guda. A 2003 Mitch Lomax da Alison McConnell a Ingila sun auna ƙarfin shaƙar wasu 'yan gasa kafin da bayan mita 200 ɗaya tak na firistayil kusa da saurin tsere, ƙarfin ya faɗi da kashi 29. Mutanen da aka gwada kaɗan ne amma wasu sun maimaita sun ga faɗuwa a duk salon iyo huɗu. Abin baya tsayawa a ƙirji. Binciken da aka yi a ɗakin gwajin Jerome Dempsey a Wiskonsin ta Amurka akan 'yan tseren keke ya nuna in aiki ya kai ƙarshe tsokokin numfashi na iya cin kashi 14 zuwa 16 na jinin da zuciya ke turawa, kuma in suka gaji jiki yana matse jijiyoyin ƙafafu ya karkato musu da jini. Wannan nauyin da hannu da ƙafa ke yi a mita 50 na ƙarshe, wani kasonsa daga ƙirji ya taso.

Salon iyo huɗun kowanne da yadda yake da numfashi. Iyon rigingine mutane ke ɗauka shine mai sauƙi tunda fuska na waje, kuma ga mai koyo haka ne. A tsere kuwa ruwa na watsuwa a fuska, dayafram na shan nauyin ciki, sannan in ka tunkuɗa bango kana ƙarƙashin ruwa fuska sama, hanci a buɗe yake ta sama, iska na son guduwa ruwa na son shiga, sai kayi ta busa a hankali ta hanci wanda ke ƙarar da iskar da wuri. Shi yasa wasu irinsu Missy Franklin ta Amurka suke sa maƙalin hanci. Iyon kwaɗo yana ba ka numfashi a kowane zagaye, doka ma tace dole kai ya keta saman ruwa a kowane zagaye, amma jiki na tashi yana faɗuwa, ƙirji na canza zurfi kullum. Batafilai, wanda wasu ke ce wa iyon malam buɗe littafi, shine inda ɗaga kai ya fi hukunta mutum, ana so haɓa ta share saman ruwa ne kawai ta koma kafin hannaye su sauka. Koci da yawa suna koyar da shaƙa ɗaya a zagaye biyu don ƙugu ya zauna sama, amma Michael Phelps kusan kowane zagaye yake shaƙa kuma ya ci zinare 8 a Olamfik ta Beijin a 2008, saboda ya iya shaƙa ba tare da ƙugunsa ya faɗi ba. Kada ka kwaikwayi adadin, kwaikwayi ƙugun.

Nisan tsere ne ke yanke sau nawa za'a shaƙa. A mita 50 na firistayil, inda César Cielo na Barazil yayi daƙiƙa 20.91 a 2009, manyan 'yan gasa sau ɗaya suke shaƙa ko ma basa yi sam, saboda a daƙiƙa 21 mafi yawan ƙarfin baya jiran iskar da ka shaƙa yanzu, kuma kowace juyawar kai tana ɗan rage gudu. A mita 400 zuwa 1500 lissafin ya juye, iskar ta fi abin da ake asara daraja, kusan kowa duk ja biyu yake shaƙa ta gefe ɗaya, zakarar Amurka Katie Ledecky ma haka. Sun Yang na Chaina, wanda yayi 14:31.02 a mita 1500 a Landan a 2012, har yakan shaƙa dama da hagu a jere in ya kusa bango don ya tara iska kafin juyi. Wannan shaƙa duk ja uku da ake ta nanatawa tana da kyau a tirenin don jiki kada ya karkace gefe ɗaya, amma ni ban ga hikimar tilasta wa wanda ke haki a mita 50 ita ba. Yi duk ja biyu, in ka je ta dama ka dawo ta hagu, ka samu daidaiton ba tare da ka rage wa kanka kashi ɗaya cikin uku na iska ba.

Sai batun ƙarƙashin ruwa, wanda shi ya fi canza wasan. Tafiya a ƙasa ta fi ta sama sauri domin babu igiyar ruwa da kake turawa, saboda haka tarihin dokokin iyo cike yake da mutanen da suka gano hakan aka taka musu birki. Masaru Furukawa na Japan ya ci zinaren mita 200 na iyon kwaɗo a Melbon a 1956 yana tafiyar mafi yawan tseren a nutse, aka canza doka. David Berkoff na Amurka a Seul a 1988 yana yin wajen mita 35 a ƙasa a iyon rigingine, ya kafa tarihi a zagayen share fage amma Daichi Suzuki na Japan ya doke shi a ƙarshe da irin dabararsa, bayan nan aka sa iyakar mita 10, a 1991 aka mai da ita 15. Denis Pankratov na Rasha yayi irin haka a batafilai a Atlanta a 1996, a 1998 dokar mita 15 ta hau kan batafilai da firistayil. Ko da wannan iyakar, ɗan gasa a ƙaramin kwami mai mita 25 na iya yin fiye da rabin tserensa ba numfashi. Juyi na ƙarshe a mita 200, lokacin da jini ya cika da kabon dayoksaid kuma koci yace sai ka yi bugun ƙafa shida kafin ka fito, nan ne ake raba 'yan gasa.

Don wannan ne aka ƙirƙiro tirenin na rage numfashi, duk ja biyar, bakwai, tara. James Counsilman kocin jami'ar Indiyana, wanda ya horar da zakaran iyo Mark Spitz, shi ya yaɗa shi a shekarun 1970 da tunanin yana kama da horo akan tsauni. Da aka auna sai aka ga oksijin baya sauka sosai, kabon dayoksaid ne ke hawa, wato abin da kake koya shine jure ƙaiƙayin son numfashi. Yana da amfani daidai gwargwado, a ƙarƙashin idon koci. Abin da nake roƙonka da girman Allah kada kayi shine tsayawa a bango kayi ta zuƙar numfashi da sauri sau goma sha kafin ka nutsa don ka daɗe. Jininka dama a cike yake da oksijin, wannan zuƙar bata ƙara komai, kabon dayoksaid kawai take wankewa, wato ka kashe ƙararrawar da zata ce maka fito. Sai oksijin ya ƙare kafin ƙararrawar ta kaɗa, mutum ya sume ba gargaɗi ba fafutuka, ya kwanta a ƙasan ruwan da bai kai ƙirjinsa ba. Masu iya iyo sosai abin ya fi kashewa, domin su ke da taurin kan daɗewa. Gasar wa ya fi daɗewa a ƙasa da samari ke yi a otal ko a dam, in ka ga ana yi ka hana.

Game da girman huhu, eh gaskiya ne 'yan iyo na gasa huhunsu ya fi na sa'o'insu girma in an auna, har ya fi na 'yan gudu. Masana na jayayya akan ko iyon ne ya faɗaɗa shi, musamman ga waɗanda suka fara tun suna yara ƙirji na girma, ko kuwa masu dogon jiki da faɗin ƙirji ne dama ke daɗewa a wasan. Kai da ka riga ka girma kada ka sa ran huhunka zai ƙara lita, abin da zai ƙaru shine ƙarfi da juriyar tsokokin. Akwai ƙaramar na'ura da ake shaƙa ta cikinta da ƙarfi, yawanci sau 30 safe da yamma, wani gwaji na sati shida ya nuna ta rage lokacin mita 100 da 200 da ƙasa da kashi 2. Ga wanda ke neman lambar yabo wannan ba kaɗan bane. A matakin da kake, kuɗin ka ba koci ya gyara maka kai ya fi.

Nace in baka da tari ko fito, bari in dawo kan wannan. Asma tana da yawa a cikin manyan 'yan iyo fiye da yawancin wasanni. Wani ɓangare saboda likitoci na tura yara masu asma iyo ne tunda iskar saman ruwa na da ɗumi da laima, Amy Van Dyken da ta ci zinare 4 a 1996 haka ta fara. Wani ɓangaren kuma kulorin ne, maganin da ake zubawa a ruwan kwami don kashe ƙwayoyin cuta, in ya haɗu da gumi da fitsari yana haifar da wata iska mai yaji da ke kwanciya daidai saman ruwa, daidai inda bakinka yake, ita ce warin nan da mutane ke ɗauka wai alamar tsafta ce. A rufaffen ɗaki abin ya fi muni, mu da yawancin wuraren iyonmu a fili suke mun ɗan samu sauƙi. In kana tari bayan tirenin, ko ƙirji na fito, ko ɗaurewar bata tafiya minti goma bayan ka fito, je asibiti a yi maka gwajin busa. In an baka magani kuma kana gasa, ka sanar da jami'ai a rubuce. Rick DeMont yana ɗan shekara 16 aka ƙwace masa zinaren mita 400 a Munik a 1972 saboda sinadarin efedrin da ke cikin maganin asmarsa.

Sanyi ma yana da hannu. Ruwan gasa doka tace digiri 25 zuwa 28. In ya sauka ƙasa da haka, kamar ruwan waje da asuba a hunturu, faɗawa ciki farat ɗaya na sa mutum ya ja wata shaƙa da bai shirya ba sannan yayi ta numfashi da sauri na minti ɗaya zuwa uku, ba tsoro bane fata ce ta aika saƙo, ka shiga a hankali ka jiƙa fuska ka jira ya lafa. Akwai kuma wata matsala da ba kasafai ba, an fi ganinta a masu dogon iyo a ruwan sanyi da sojojin ruwa, inda jinin nan da ya taru a ƙirji yake yawa har ruwa ya tsatso cikin huhu. Alamarta haki da bai dace da aikin ba, tari, da majina mai kumfa ko mai ratsin jini ba tare da ka shaƙi ruwa ba. Masu hawan jini da masu ɗirkar ruwa da yawa kafin su shiga sun fi haɗari. Wanda ya ga haka ya fito nan take, a zaunar dashi bayansa a miƙe kada a kwantar, a kai shi asibiti.

Abin da zan sa ka yi a sati biyu masu zuwa ba shi da ban sha'awa. Kafin komai tsaya inda ruwa ya kai ƙirji, nutsa ka busa kumfa har ka ji ta kusa ƙarewa, fito ka shaƙa sau ɗaya ka koma, sau 20 a jere ba tare da ka tsaya hutawa a sama ba, in ka kasa to fitarwar ce bata isa ba. Daga nan kwanta ta gefe, hannun ƙasa a miƙe gaba, kunne a kan kafaɗa, kana bugun ƙafa a hankali, ka riƙa juya fuska ƙasa ka busa ka juyo ka shaƙa ba tare da kunnen ya rabu da kafaɗar ba, in akwai takalmin roba na iyo ka sa. In ka koma cikakken iyo ido na kallon ƙasan kwami ba bangon gaba ba, ka ɗan danna ƙirji cikin ruwa zaka ji ƙugu ya taso, ka rage bugun ƙafa zuwa rabin abin da kake yi yanzu, mita 25 kawai ka huta daƙiƙa 20 ka sake. Kada ka zubar da iskar duka har huhu ya bushe, bar kaɗan ta riƙe ka a sama. Ka samu wanda zai ɗauke ka bidiyo da waya daga gefen kwamin, abu ɗaya zaka duba, in ka juya shaƙa gilashin idonka na ƙasa yana cikin ruwa ko ya fito. In duka biyun sun fito, koma atisayen gefe.